Ranar da Aka Duba Aikin Baba Kan-Layi

Akwai wani tsohon magini da kowa ke kira Baba Kan-Layi. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ba ya iya wuce bango sai ya rufe ido ɗaya ya leƙa shi, sannan ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba a kan layi yake ba." Ko gaisuwar mara lafiya ya je sai ya leƙa katangar masu gida. Matarsa ta yi faɗa har ta haƙura.

Shekara arba'in da ɗaya yana gini, kuma gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya. In ya ɗora bulo ka ce da ruwa aka zuba shi. Rabin maginan unguwarsu a hannunsa suka koyi riƙe cokalin gini, shi ya sa ko waɗanda suka yi furfura a cikinsu, in suka hango shi sai sun gyara tsayuwa.

Abin da yake tinƙaho da shi guda ɗaya ne. Tunda ya fara sana'ar ba a taɓa kiransa ya zo ya gyara aikin da ya yi ba. Ba gidan da ya tsage, ba rufin da ya yi yoyo. Wannan maganar yakan faɗe ta sau uku a rana kamar shan magani. Ba shi da mota, ba shi da gidan haya, sunan nan shi ne duk abin da ya tara.

Yana da 'ya, autarsa, malamar jinya ce a wani babban asibiti. Kowa Auta yake ce mata, har 'ya'yanta uku sukan yi suɓutar baki. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata yana hanya, don haka da suka sami fili, ita aka bar wa ragamar gini. Filin siriri ne, dole sai bene. A zanen da aka yi musu akwai baranda a sama, ta gaba, wadda ta fito waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, saboda ta nan mota za ta riƙa shiga.

Wa zai gina? Wannan ai ba tambaya ba ce. Baba ya ce gidan autarsa shi ne aikinsa na ƙarshe, daga shi zai rataye cokali. Ya yi rantsuwa sai ya yi ginin da masu wucewa za su riƙa tsayawa kallo.

Ana saura kwana biyu a fara haƙa, Auta ta zo gida da yamma. Ta gaida mahaifiyarta, ta durƙusa gefen tabarmar Baba, ta daɗe tana juya makullin hannunta.

"Baba, na ɗauki injiniya mai duba gini," in ji ta. "Ba ta cikin ma'aikata, ba ta sayar da komai. Za ta riƙa zuwa tana duba kowane mataki kafin a wuce."

Baba ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Ta duba aikin wa?"

"Aikin gidan, Baba."

"Aikin gidan wa ke yinsa? Aljanu?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Baba, ba raini ba ne. A wurin aikinmu ko babban likita ne ya rubuta magani, sai mai haɗa magani ya sake dubawa kafin a ba mara lafiya. Ba wanda yake jin haushi."

"To ni ba likita ba ne. Gidan da kika buɗe ido a cikinsa wa ya duba mini? Ya faɗo miki a ka?"

"Bai faɗo ba. Amma ka duba, Baba. Da wani ne yake mini gini, zan tsayar da shi in yi masa tambaya. Kai ba zan iya ba. Duk wanda zai yi aiki a wurin nan kai ka koya masa, ba mai iya buɗe baki a gabanka. Ina son a sami mutum ɗaya da ba ya jin nauyinka."

Wannan maganar ta soke shi. Ya ji kamar 'yar cikinsa ta tsaya a kasuwa ta ce ba ta yarda da shi ba. Ya juya mata ƙeya, ya ce ta yi abin da ta ga dama, gidanta ne.

Bayan ta tafi, matarsa ta zo kwashe kofuna tana murmushi. "Malam, kai da ba ka bar katangar kowa ta huta ba? Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa."

Ranar ko abincin kirki bai ci ba.

Da Injiniya ta zo, sai abin ya ƙara yi masa ciwo. Ya zaci dattijo zai gani. Sai ga mace sa'ar Auta, da hular kwano a kan mayafinta, da takalmin roba, da tef na awo a rataye da wani ɗan littafi. Ta gaishe shi har ƙasa, ya amsa da hanci.

Ta shiga ramin harsashi da kanta ta auna zurfi da faɗi. Ta damƙi yashi ta murza, ta zuba a gorar ruwa ta girgiza don ta ga yawan laka. Ta ɗaga bulo har ƙirjinta ta sake shi a ƙasa. Bulon ya yi tsalle ya kwanta lafiya lau.

"A ƙara jefa wani," Baba ya ce da ƙarfi don leburori su ji. "Akwai dubu biyu a can, duk a jefa."

Leburori suka kwashe da dariya. Ita ma ta yi murmushi, ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ce, "Baba, bulon nan ya sha siminti. Sannu da aiki."

Zuwanta na biyu, bango ya kai linta, wato saman ƙofofi da tagogi. Ta ɗora ma'auninta a kowace kusurwa, ba ta sami ko kaurin farce na karkata ba. Baba ya bi ta ɗaki ɗaki da hannu a baya, yana tambayarta ko ta gaji a kawo mata kujera. Daga ranar ya raɗa mata suna Mai Neman Abin da Bai Ɓata Ba. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin yadda aka ɗauko mai digiri ta zo koyon aiki.

Aka zo rufin kankare na bene, wanda magina ke kira dekin. Kafinta ya shimfiɗa katako, ya tokare shi da sanduna ta ƙasa. Mai ɗaurin rodi, wani da ake kira Dogo, wanda ya shekara goma sha tara tare da Baba, ya hau da mutanensa suka saƙa rodi.

Da Baba ya hau dubawa, komai ya yi masa daidai sai wurin barandar nan. A can Dogo ya ɗaga rodin sama, ya ɗora shi a kan wasu 'yan ƙafafun ƙarfe, yadda in an zuba kankare rodin zai zauna kusa da fuskar sama.

"Dogo! Wannan fa? Rodi yake shan iska?"

"Baba, haka na gani a zane."

"Zane ne ya koya maka aiki ko ni? Tun kana yawo ba wando nake zuba dekin. Rodi a ƙasa yake zama, nan nauyi yake sauka. Mai zanen nan a ofis yake, hannunsa bai taɓa siminti ba. Sauke shi."

Dogo ya buɗe baki, ya kalli fuskar Baba, ya mayar ya rufe. Ya cire ƙafafun nan, ya kwantar da rodin a ƙasa kamar na sauran ɗakunan. Baba ya taka shi ya ji daram, ya sauko yana jin daɗin ya kama kuskure kafin baƙuwa ta gani.

Ranar zuba kankare wurin ya cika tun da sassafe. An kawo injin kwaɓi, ga tsakuwa da yashi tsibi tsibi, ga leburori kusan talatin kowa da kwanonsa. Masu sana'ar sun san ranar nan ba ta son tsaiko, in an fara sai an gama. Baba ya sa sabuwar hula, yana zagayawa yana ba da umarni. Auta tana wurin aiki, ta ce za ta biyo in ta tashi.

Injiniya ta iso kafin a tayar da inji. Ta hau tsani, ta bi rodin layi layi tana ƙirgawa tana aunawa. Baba yana ƙasa yana duba agogo yana tsaki. Da ta kai baranda sai ta tsaya. Ta durƙusa, ta buɗe zane, ta sake kallon rodin. Ta daɗe a wurin.

Ta sauko. Ta zo kusa da shi ta rage murya.

"Baba, don Allah ina son ganinka a bayan gini. Mu biyu."

Ya bi ta yana ɗaure fuska. A bayan ginin akwai ragowar wani allon siminti siriri da aka yi murfin kwata da shi. Ta ɗauki ɓalli guda mai tsawo, ta ɗora shi a kan bulo biyu, ɗaya a kowane baki.

"Baba, taka tsakiyar a hankali, ka duba ta inda zai fara buɗewa."

"Wasan yara za mu yi? Mutum talatin suna jirana."

"Minti biyu, Baba."

Ya taka. Allon ya yi ƙara, tsaga ta buɗe daga ƙasa ta hau sama.

"Ta ƙasa," ya ce. "Abin da nake faɗa ke nan shekara arba'in. Shi ya sa rodi yake zama a ƙasa, ya riƙe wurin da zai buɗe."

"Gaskiyarka, kuma haka ka yi a duk ɗakunan, ba abin da zan ƙara. To ga wannan."

Ta ɗauki wani ɓallin, ta cusa bakinsa ɗaya a tsakanin bulo, ta danne da wasu bulon, ɗaya bakin ya fito yana reto a iska ba abin da ya tare shi. Ta ce ya danna bakin da ke waje.

Ya sa tafin hannu ya danna. Tsagar ta buɗe a gindi, daidai inda allon ya shiga bulo, kuma ta sama ta buɗe. Ya ƙara dannawa kaɗan, allon ya ɓalle ya faɗi a gaban takalminsa.

Baba ya tsuguna ya ɗauki guntun ya juya shi. Ya ɗauko wani da kansa, ya cusa, ya danna. Ta sama. Ya sake na uku. Ta sama.

Ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, hannunsa ya riga ya gaya masa. Duk dekin da ya saba zubawa yana zaune ne a kan bango ta kowane gefe. Barandar Auta gefe ɗaya kawai ta kama. Rodin da ya sa aka kwantar yana kwance ne a inda ba a buƙatarsa, wurin da zai yage kuma an bar shi ba komai. Kuma a kan barandar nan jikokinsa za su riƙa wasa.



"Baba," in ji Injiniya, "ba sai kowa ya ji ba. Gyaran rabin yini ne. Ka ce musu ni ce na zo da sabon tsari, na tsayar da aiki. Ni an saba jin haushina, shi ne aikina."

Jama'a, a nan ne ake gane mutum. An buɗe masa ƙofar fita, ba wanda zai sani, sunansa zai tsira. Ya kalli ƙofar nan da kyau, kuma zuciyarsa ta so ta. Amma Dogo ya sani. In ya bi ta nan, ya koya wa Dogo cewa babba ba ya kuskure, sai dai a nemo wanda za a shafa wa.

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Ya zagayo gaban gini, ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Kar a tayar da inji. Dogo, zo nan."

Dogo ya taho jiki a sanyaye, yana zaton faɗa ne.

"Ku saurara duka. Rodin baranda, Dogo ya ɗaura shi daidai. Ni na sa ya sauke, kuma ni ne ban yi daidai ba. Da an zuba shi haka, da wata rana ya karye da mutane a kai. Wannan baiwar Allah ita ta gani." Ya juya ga Dogo. "Kai kuma, ka ga gaskiya a zane ka yi shiru don ina da furfura? Daga yau in ka ga na kauce, ka riƙe rigata. Hau ka mayar da shi yadda ka yi."

Ba wanda ya yi dariya. Dogo ya hau tsani yana share ido da bayan hannu. Kafin azahar an ɗaga rodin, Injiniya ta sake aunawa ta sa hannu, inji ya tashi. Aka zuba dekin lafiya, har Baba ya karɓi kwano ya kai sahu biyu don ya huce.

Da a nan labarin ya tsaya, da an ce an rabu lafiya. Amma ana cikin zuba kankaren, Baba ya matsa kusa da Injiniya ya yi mata tambayar da ke cin ransa.

"'Yata, in da an zuba shi yadda na sa, yaushe zai faɗi?"

"Ba a sa masa rana, Baba. Wani da an cire sandunan tokara yake tafiya. Wani in kankaren mai kyau ne sai ya yi shekaru. Tsaga za ta fara ta sama, ruwa ya riƙa shiga. Ranar da aka ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, ba ya sallama."

Baba ya nemi bulo ya zauna. A duk rayuwarsa sau ɗaya ya taɓa yin baranda irin wannan. Shekara huɗu da suka wuce, a gidan wani tela, can bakin titin kasuwa. Iyalin telan suna sama, shagonsa yana ƙasa, kuma a inuwar barandar ya ajiye bencin da masu jiran ɗinki ke zama. Da hannunsa ya kwantar da rodin wannan barandar.

Ba wanda ya san haka a duniya sai shi. Dogo ma ba ya nan lokacin, yana jinyar ƙafa.

Da ya koma gida da magariba ya kasa zama. Ya shiga ɗaki ya fito, ya ɗauki buta ya ajiye. Matarsa ta zuba masa ido, sannan ta ce, "Malam, faɗi abin da ke damunka kafin ka haƙa mana rami a tsakar gida."

Ya gaya mata duka. Ya ƙara da cewa, "Shekara huɗu tana tsaye. Wataƙila ta tsaya har abada. In na je na faɗa, gobe duk gari ya ji. Shekara arba'in da ɗaya ba a kira ni gyara ba, sai yanzu da zan ajiye aiki in kai kaina?"

Ta ce, "To ka zauna. Amma ka sani, duk ranar da aka yi ruwan sama ba za ka yi barci ba, ni ma ba za ka bar ni in yi ba. Sunan da kake tsoron ya ɓaci, in ta faɗo wa mutane wane suna za a kira ka da shi? Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, Malam, ka tashi da tsawonka."

Washegari da hantsi ya kira Injiniya, ya roƙe ta ta raka shi. Yau shi ne yake riƙe mata tef.

Suka tarar da Tela a kan keken ɗinki, mata uku da wani dattijo suna zaune a bencin nan. Tela ya taso da murna. "A'a, Baba Kan-Layi da kansa! Kullum sai na yi wa mutane kurin cewa kai ka gina mini gida."

Maganar ta yi wa Baba nauyi kamar buhun siminti. Ya ce, "Ka tashi mutanen nan daga bencin tukuna. Akwai magana."

Suka hau sama. Matar Tela ta jera manyan durom biyu na ruwa a bakin barandar, saboda famfo ya yi wata yana wasa da su. Injiniya ta sa aka janye tabarmar roba da ke shimfiɗe a bakin ƙofa. Ga ta nan. Tsaga ce siririya, ta bi gindin barandar daga wannan bango zuwa wancan, ta yi baƙi saboda ruwan da ke shiga. Injiniya ta zura bakin makulli, ya shige. Ta ɗora ma'auni, bakin barandar ya sunkuya da kusan yatsa biyu.

"A zubar da ruwan nan yanzu, da tiyo, kar kowa ya taka wurin," in ji ta. Muryarta ta canza.

Tela ya kalli tsagar, ya kalli Baba. "Wannan mene ne?"

"Kuskurena ne," in ji Baba. "Na sa rodi inda bai kamata ba. Jiya na gane, yau na zo."

Tela ya fashe da faɗa. Ya ce 'ya'yansa a nan suke karatu kullum da yamma. Ya ce mahaifiyarsa a nan take shan iska. Ya ce ya amince da suna ashe iska ya saya. Ya ɗaga murya har maƙwabta suka firfito. Baba ya tsaya hannu a gaba, kansa a ƙasa, bai kare kansa da kalma ɗaya ba. Mutumin da ko kallon banza ba ya ɗauka, yau ga sa'an ɗansa yana yi masa tsawa a gaban jama'a.

Da Tela ya gaji, Injiniya ta yi bayani. Za a tokare barandar yau da sanduna. Sannan a kafa ginshiƙi biyu a bakinta, a ɗora gadar kankare a kansu. In ta sami abin zama ta gefe biyu, rodin da ke ƙasa zai koma yin aikinsa kamar na kowane ɗaki. Ta ce kaurin kankaren da Baba ya zuba da kyawunsa ne suka riƙe ta har yau.

"Ni zan yi," in ji Baba. "Kaya da aiki duk a wuyana. Ita kuma za ta duba kowane mataki."

Labari ba ya kwana. Kafin yamma duk masu sana'ar sun ji. Wasu suka tausaya, wasu kuma da ya taɓa leƙa musu bango suka ce ashe Kan-Layi ma yana sauka daga layi. Wani har tasowa ya yi musamman, ya tsaya a tsallaken titi ya rufe ido ɗaya yana leƙen barandar don mutane su yi dariya. Baba ya gan shi sarai, ya ci gaba da haƙa.

Auta ba ta san komai game da gidan Tela ba sai a rana ta uku, da mahaifiyarta ta gaya mata. Ta taso daga asibiti ko kayan aiki ba ta cire ba. A hanya tana ta zargin kanta. Ita ta kawo mai duba gini. Ita ta jawo aka tozarta mahaifinta a ƙarshen aikinsa. Ta shirya kalmomin ban haƙuri iri iri.

Ta tarar da shi a cikin rami har gwiwa, rigarsa ta jiƙe, yana daidaita rodin ginshiƙi, Dogo yana riƙe masa, Injiniya tana tsugune a baki da tef. Tela, wanda ya huce tun jiya, shi ne yake miƙa musu ruwan sha. Mutane sun yi cirko-cirko suna kallo.

"Baba," ta ce, "ka yafe mini. Ban san abin zai kai haka ba."

Ya ɗago ya dube ta, siminti a gemunsa. "In yafe miki me? Da ba ki kawo ta ba, da na gina wa jikokina tarko da hannuna, ina ta kuri. Mutum huɗu na tarar a ƙarƙashin nan, Auta. Ke dai Allah ya yi miki albarka. Matsa daga bakin ramin, za ki ɓata fararen kayanki."

Ta matsa baya cikin masu kallo, hawaye na zubo mata. Wata mata da ta zo karɓar ɗinki, ba ta san ta ba, ta taɓa ta ta ce, "Wai maginin ne ya yi kuskure, shekara huɗu ba wanda ya sani, shi ya kawo kansa. Ni tunda nake ban taɓa jin irin wannan ba. Ko wane ne shi?"

Auta ta goge fuska. Ta sha jin daɗi in an nuna gini an ce aikin babanta ne, amma ba ta taɓa jin abin da ta ji a wannan lokacin ba. Ta ɗaga murya yadda har na tsallaken titi zai ji.

"Mahaifina ne," ta ce. "Ni 'yarsa ce."

Darasi: In za ka gina gida, ka nemo mai duba gini wanda ba ya cikin ma'aikata kuma ba ya jin nauyin kowa, ko da maginin naka gwani ne, ko da ɗan'uwanka ne. Ba zargi ba ne. Gwani ma yana da inda saninsa ya tsaya, kuma abin da kankare ya rufe ba ya sake ganuwa sai ranar da ya yi ɓarna. Kai kuma da aka duba aikinka, ka sani girma ba ya zubewa don ka ce "na yi kuskure", ɓoyewa ce take zubar da shi. Ku tura wa duk wanda kuka san yana gini ko yana shirin farawa, wataƙila ku zama sanadin tsirar wani gida.